Daga Peugeot Zuwa Howo: Yadda Hanya, Mai Da Bakanike Ke Tantance Motar Ƙwarai

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gareji ko a rumfar dillalan mota ya san gardamar da ba ta mutuwa: wane kamfani ne ya fi iya mota? Mutumin Toyota ba ya jin kira. Na Honda yana ganin wancan bai san daɗin tuƙi ba, mai Mercedes kuwa a wajensa duk su biyun ba su shiga mota ba tukuna. A ɓangaren manyan motoci ma haka ake fafatawa tsakanin masu DAF, masu MAN da masu Howo. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba, shi ya sa ake tashi baram-baram.

Cibiyoyin da ke jera kamfanoni daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a Amurka da Turai sabuwar mota suke aunawa, a hannun mai ita na farko, a kan lafiyayyen titi, da tataccen mai, ga kuma garejin kamfani a kusa. Binciken juriya na J.D. Power, wanda ake yawan kafa hujja da shi, motocin da suka shekara uku yake dubawa. Mu kuwa yawancin abin da ke shigo mana ta Legas ko ta Kwatano, wato Beljiyam, ya riga ya ci shekara goma ko fiye kafin ya taka ƙasarmu. Saboda haka ni tambayar da na fi yarda da ita daban ce: idan motar nan ta tsaya tsakanin Funtuwa da Gusau da la'asar sakaliya, wa zai iya taɓa ta, ina za a samo abin da ya lalace, kuma nawa za a kashe kafin ta tashi? Da wannan ma'aunin nake duba kowane kamfani.

Tarihin Peugeot a ƙasar nan ya nuna haka ƙarara. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Motar ta dace da hanyoyinmu: ƙasanta a ɗage yake, ƙafafunta suna da wasa sosai yadda take shanye gargada, injinta na kafireto ne wanda bakaniken ƙauye zai kwance ya wanke ya mayar. Amma ba ƙirar kaɗai ta ba ta sarauta ba. Gwamnati ita take saya wa ma'aikata, tashoshi sun cika da wagon, 'yan kasuwar ƙauye suna da a-kori-kura, don haka babu garin da za ka rasa kayanta ko wanda ya san ciwonta. Da tsarin SAP na tsuke bakin aljihu ya zo a 1986 naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su don harhaɗawa suka yi tsada, gwanjon Turai ya malalo, sai ginshiƙin ya zube ba tare da motar ta sauya ba. Har yau 406 tana da masoya a Arewa, kuma ta cancanta, amma 307 da 407 sun zubar wa kamfanin da mutunci saboda rikicin waya da giyar otomatik da ta gagari makanikai da yawa. Tun 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa 301 a Kaduna, sai dai dawo da wancan zamani aiki ne ja.

Toyota ce ta gaji kujerar, kuma ba da sa'a ba. Kamfanin ba ya gaggawar karɓar sabuwar fasaha, sai ta kwana biyu a hannun wasu an ga inda take ciwo. Ba ya matse inji ya fitar da iyakar ƙarfinsa, yana bar masa sarari. A masana'antunsa ma'aikaci yana da ikon jan igiya a tsayar da layin haɗa mota idan ya ga aibi, maimakon a bar shi ya wuce a gyara daga baya. Abin da ya fi amfanar mu kuwa shi ne inji ɗaya yakan shiga motoci da yawa. Injin 1ZZ mai lita 1.8 yana cikin Corolla, Matrix, Avensis da Pontiac Vibe. Injin 2AZ mai lita 2.4 yana cikin Camry, RAV4 da Highlander. Corolla kaɗai, wadda aka fara a 1966, ta haura miliyan 50 da aka sayar zuwa 2021. Sakamakon haka, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, za ka tarar da inji da giya da ƙafa a jibge, sabo da na gwanjo, kuma yaron gareji mai shekara biyu da fara koyo ya taɓa kwance irinsa.

A sahara lamarin ya wuce zancen araha. Land Cruiser samfurin 70 tun 1984 ake ƙera ta, har yau ba a sauya mata ƙashi ba, domin masu aiki a inda babu titi ba sa son a sauya. A 1987 sojojin Chadi a ƙarƙashin Hissène Habré sun fatattaki dakarun Libiya masu tankoki a Fada da wasu wurare, suna kan Hilux da Land Cruiser, har ake kiran wannan mataki na rikicin da yaƙin Toyota. Direban da ke tashi daga Agadas ya nufi Dirku ba don ado yake zaɓen Hilux ba. A can mota ta mutu ba a samu gyara ba, rayuka ne za su bi ta.

Duk da haka, masu cewa Toyota ba ta da aibi suna cutar masu saye. Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, injinta mai silinda huɗu ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, kuma kamfanin da kansa ya amsa matsalar a Amurka. Dashbod ɗinta yana narkewa ya yi danƙo a zafin rana. A 2009 da 2010 an janye miliyoyin motocin Toyota saboda matsalar totur. Ga kuma wani abu: duk motar da ta yi farin jini ita masu jabun kaya suka fi bi, don haka sauƙin samun kayan Toyota yana tafe da sauƙin faɗawa hannun na bogi. Sannan akwai kuɗin suna. Vibe misali ce mai kyau, domin a wata masana'anta da ke Fremont ta jihar Kalifoniya, wadda General Motors da Toyota suka yi tarayya a kanta, aka ƙera ta, kuma inji da giyarta na Toyota ne. Da farko ta fi Matrix araha saboda tambarin Pontiac kawai. Da mutanen Arewa suka gane cikinta, farashinta ya tashi. Ƙarfen bai sauya ba, labarin ne ya sauya.

Honda ta fi Toyota daɗin hannu, wannan ko masu adawa da ita sun sani. Injinta yana amsa ƙafa, tana riƙe titi a kwana, cikinta ya fi tsari. Inda take jin jiki a wajenmu ƙafar gaba ce. A Accord ta 2003 zuwa 2007, mai laƙabin End of Discussion da ƙanwarta Discussion Continues, boljoyin na ƙasa shi ke ɗauke da nauyin gaban motar. Ramuka suna cinye shi da wuri, idan kuma aka sa na jabu, wata rana sai ka ga taya ta turgude ta kwanta a tsakiyar titi. Wanda yake duba shi a kan kari yana sa na asali ba ya ganin wannan. Giyarta ta otomatik kuma ba ta yafe a zuba mata kowane irin mai, nata take so.

Motocin Jamus sun kasu biyu. Tsofaffin Mercedes irin su 190 da V-boot, da Golf 3 da Sharan da ke jigilar fasinja tsakanin garuruwa, sun nuna cewa Bajamushe ya iya ƙarfe mai jure wahala. Sababbin kuwa an gina su ne bisa zaton cewa mai su zai bi jadawalin sabis daki-daki, da man da aka rubuta, da na'urar da ke karanta kwamfutar mota. A kan babban titi babu kamar su wajen natsuwa da ƙarfin birki. Amma na'urorin da ke jikinsu sun yi yawa, wasu ƙafafunsu na iska ne, bututun ruwansu na roba ne mai bushewa da zafi. Shi ya sa za ka ga tsohuwar BMW ko Mercedes da a sabuwarta ta ninka Corolla kuɗi, yau ana sayar da su kusan ɗaya. Kasuwa ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke jiran mai saye. Araha ba ta ado.

A nan dole a shiga gareji, domin rabin abin da ake ɗora wa kamfanoni a can ake haifarsa. Mota ta iso daga Kwatano, allurar zafinta tana tsayawa a tsakiya kamar yadda aka tsara. Bakanike ya buɗe bonet, ya kwance bututun sama na lagireto, ya zaro tamostat ya nuna wa mai motar a tafin hannu: "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa." Ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye yadda za ta riƙa juyawa daga kunna makulli, ya zubar da ruwan sanyaya inji mai launi ya ɗura na rijiya. Alhaji ya ga allura ta kwanta ƙasa, ya ji daɗi, ya ƙara masa na goro. Abin da bai sani ba, an tsara injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90. Muddin bai kai ba, kwamfuta tana ɗauka yanzu aka tayar da shi, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Shan mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, ruwan rijiya ya fara cin lagireto da famfon ruwa daga ciki. Wani kuma ya zo ya fasa salansa ya kwashe matatar hayaƙin da ake kira indomi, ya sayar. Tsohuwar Corolla za ta haɗiye wannan duka ta ci gaba da tafiya shekaru. BMW ba za ta haɗiye ba. Kaso mai yawa na abin da muke yaba wa Toyota a kai haƙuri ne da irin wannan aiki, kuma ni a ganina wannan ma inganci ne, tunda a nan motar za ta zauna. Sai dai ba hujja ba ce ta cewa ɗayan kamfanin bai iya ƙira ba.

Hyundai da Kia sun yi nisa daga inda suka faro. A ƙarshen shekarun 1990 Hyundai ta fara ba da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya a Amurka don ta wanke sunanta, kuma ta wanke. Elantra da Rio suna da sauƙin mai. Mai sayen Sonata ta 2011 ko 2012 dai ya sani an janye su a 2015 saboda injin yana iya bugawa. Kamfanonin Sin irin su GAC, Changan, Geely da Chery yanzu sun cika ayarin gwamnatoci, kuma a 2023 Sin ta wuce Japan a yawan motocin da take fitarwa waje. Suna ba da kayan alatu masu yawa a kuɗi kaɗan. Hukuncinsu na gaskiya, su da Innoson ta Nnewi, sai sun tsufa sun faɗa hannu na biyu da na uku. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 shi ma ya sake lissafin kowa: mai silinda shida da a da ake rububi yau tana daɗewa a filin dillali, ƙananan motoci kuma sun yi daraja.

Lissafin manyan motoci ya fi wannan zafi, saboda babbar mota jari ce, kwananta ɗaya a tsaye asara ce. A shekarun 1970 gwamnatin Najeriya ta kafa masana'antun harhaɗa su da dama: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Daga wancan zamani abin da ya fi zama a zukatan direbobi shi ne Mercedes 911 mai gajeren hanci da bodin katako, wadda ba ta da gudu, ba ta da daɗin zama, amma babu abin da ke cikinta da ya fi ƙarfin sifana da guduma. Bayanta gwanjon Turai da Amurka ya karɓe hanya: DAF daga Eindhoven ta Holan, MAN daga Jamus, Iveco daga Italiya, sai Mack ta Amurka da masu tankar mai suka riƙe.

Tsofaffin direbobi ba su yi ƙarya ba da suke fifita DAF da MAN. Kansu ya fi daɗin zama ga mai tafiyar kilomita kusan 1,000 daga Kano zuwa Legas, birkinsu ya fi kamawa, injinsu yana daɗewa kafin a buɗe shi. Matsalar ita ce Turai ta ci gaba da tsaurara dokar hayaƙi, kuma kowane mataki yana nisanta motocinta da mu. Motar da ta cika sharaɗin Euro 6 tana da matatar toka a salansa, tana shan wani ruwa da ake kira AdBlue, injektocinta suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ramukan da suka fi gashi siranta. An ƙera ta ne don man dizal da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Najeriya ta daɗe tana halatta har 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50. Ƙara da gas ɗin bakin hanya da ake gauraya wa kalanzir ko ruwa. Idan matatar ta toshe, kwamfuta sai ta rage wa injin ƙarfi, tirela ta koma rarrafe a hawan dutse, babu kuma mai na'urar da zai karanta ta sai an kai babban gari. Dalilin da ya sa masu sufuri ke farautar tsofaffin DAF XF95 da CF85 ke nan, suna ƙin waɗanda suka fi su sabunta.

Ta wannan ƙofar Howo ta shigo. Kamfanin Sinotruk na birnin Jinan ne ke ƙera ta, kuma asalin fasaharta ta Steyr ce ta Austriya, wadda Sin ta sayi lasisinta a 1983. Wato injin WD615 da ke cikin Howo 371 jikan gidan da ya taɓa harhaɗa motoci a Bauchi ne. Famfon mansa na ƙarfe ne, ba ya jiran umarnin kwamfuta, yana shan gas ɗinmu yadda ya same shi, kuma sabuwar Howo ba ta yi wa tsohuwar motar Turai nisa a farashi ba. Da Dangote ya zuba dubbansu a jigilar siminti, sannan ya haɗa gwiwa da Sinotruk suka kafa wurin harhaɗawa a Ikeja, sai abin da ya faru da Peugeot a da ya maimaitu: kaya suka wadata, makanikai suka ƙware, direbobin da suka bar kamfani suka fita da sanin motar. Koken da ake yi da ita sananne ne. Kai yana saurin sakwarkwacewa, wayoyi suna ba da wahala, tsatsa tana kama ta da wuri, kuma idan aka zo sayarwa ba ta riƙe kuɗinta kamar DAF. Sinawan ma ba a tsaye suke ba. MAN ta sayi kashi 25 cikin ɗari na Sinotruk a 2009, kuma samfurin Sitrak da fasahar MAN aka gina shi. A 2025 matatar Dangote ta sanar da shirin motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don rarraba mai, abin da zai iya sauya irin injin da makanikan manyan motoci za su koya nan gaba.

To wacce ta fi? Ya danganta da mai ita. Kamfanin da ke da garejinsa, da ɗakin ajiyar kayan gyara, da shirin sauya motoci bayan 'yan shekaru, Howo ta fi masa riba, domin kuɗin DAF sabuwa guda zai saya masa fiye da ɗaya. Mutumin da ya tara guminsa ya sayi mota guda yana ɗaukar shanu daga Potiskum, ko tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12, shi abin da ke kashe shi tsayuwa a hanya ce. Tumatir a kwando ba ya jiran a aiko da kaya daga Legas, shanu ma ba sa jure ƙarin kwana a tsaye cikin rana. Irin wannan mutum ina ganin gara ya bi abin da makanikan hanyarsa suka fi sani, ko da ba shi ne ya fi kyau a takarda ba.

Akwai laifin da ba na kowane kamfani ba ne, kuma shi ya fi cin rayuka. Ana sayo mota, kafin ta yi lodin farko sai a kai ta wajen masu walda. A ƙara ganyen sifirin, a ƙara wa bodi tsawo da tsayi, a lafta mata kayan da ya zarce abin da aka rubuta mata nesa ba kusa ba, wani lokaci har da mutane a saman buhuna. Sifirin zai ɗauka tunda an ƙara shi. Birki kuwa yana nan yadda kamfani ya auna shi, taya ma haka. A doguwar gangara birkin sai ya ɗauki zafi ya saki, washegari a ce motar kaza ba ta da birki.

Wannan ya kawo mu ga abin da kusan ba a ambata a rumfar dillalai, wato kariyar rai. Ana tambayar shan mai, sanyin AC da ko fentin na asali ne, ba a tambayar me zai faru da na ciki idan aka yi karo. Tambari ɗaya kuma ba ya nufin kariya ɗaya. A 2018 ƙungiyar Global NCAP mai gwajin karon motoci ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa sabuwa a Afirka a lokacin, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. A 2020 aka gwara ta da Nissan Navara ta 2015 da aka yi amfani da ita a Turai: ta Afirka ta murƙushe, ta Turai ɗakin direbanta ya tsaya. Kamfani ɗaya, kasuwa biyu. Wannan ya kamata ya dami hukumomin da ke saya wa ma'aikata motoci, ya kuma dami masu tsara ƙa'idar shigo da su.

A ɓangaren Beljiyam haɗarin wani iri ne. Da yawa daga motocin Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, bayan hatsari ko ambaliya. A gyara bodi, a fesa fenti, jakar iskar da ta riga ta fashe a manne murfinta a bar cikin wayam. Mai saye zai iya kama wannan da idonsa: idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska a dashbod dole ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. Idan ta ƙi mutuwa akwai matsala, idan kuma ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ne don a ɓoye. A ɗaga kafet a shinshina a duba laka ko tsatsa, a leƙa ƙarƙashi domin motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana cin shasi. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana nan a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma da ita ake binciko tarihin motar Amurka a intanet, har da hotunan yadda take a ranar da aka yi gwanjonta.